Ɗaurin da Ya Ci Ƙodar Larai

Tun da safe ruwan sama yake zuba a kan rufin kwanon unguwar Nombakélé, kwatoci sun cika har sun tumbatsa, Larai kuwa tana tsugune a bayan gida tana wanke 'yar jakar roba da guntun sabulu. Jakar ta sha wanki har ta yi laushi, gam ɗin bakinta ya daina kama fata, amma ita kaɗai ta rage mata. Jikinta na karkarwa saboda zazzaɓi, kwiɓinta na hagu kamar an soka wuƙa ana juyawa, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage alhali ga ruwa yana gudu ta ƙarƙashin ƙafafunta. Ta ɗaga kai ta dubi wanda ke sauka daga indararo, ta haɗiyi busasshen yawu, ta sunkuyar da kai. An hana ta shan ruwa sai da yamma.

Larai marainiya ce daga wani ƙauye kusa da Kano. Saïdou, mutumin Garoua mai fataucin atamfa, shi ya gan ta ya so ta, ita ma ta so shi, ya aure ta ya kawo ta Libreville, suka haifi 'yarsu Jannat. Daɗin bai daɗe ba. Wata rana a hanyar Owendo babbar motar gungumen katako ta bi ta kan tasu. Saïdou ya cika nan take, ita kuma aka ɗauke ta ƙugu a farfashe, mafitsara ta lalace yadda ba ta gyaruwa. Likitoci suka cire ta, suka yanki ɗan guntun hanjinta suka jona masa hanyoyin ƙodojinta biyu, suka buɗe masa ƙofa a gefen cibiya ta dama. Ta nan fitsari yake ɗiga dare da rana cikin jakar da ake mannawa a fata. Ranar sallama tsohon likitan da ya yi aikin ya ja mata kunne kan abu biyu: ta riƙa shan ruwa da yawa, kada kuma ta yarda komai ya tare ƙofar nan.

Bayan takaba ta ci gaba da zama a gidan dangin mijinta, don ba ta da inda za ta. Babban wansu Alhaji Aliou shi ke sayo mata jakunkunan a kantin magani, ba ya gajiya. Sai aka wayi gari darajar kuɗin sefa ta karye, duk abin da ake kawowa daga Faransa ya ninka, kasuwar Alhaji ta girgiza har ya koma yawan zama a Douala neman mafita. Gida ya koma hannun ƙanwarsa, yayar marigayi, Hajja Bilkissou, mai rumfar tuwo da masa a kasuwar Mont-Bouët. Ita kuwa tun ranar haɗarin ba ta taɓa duban Larai da idon rahama ba. A wurinta ƙaninta ya mutu, baƙuwa ta rayu, wannan kaɗai laifi ne.

"Ke Larai, har yanzu ba ki gama wanke ƙazantar taki ba?" Muryar Hajja ce daga tsakar gida. "Taho in ɗaure ki, kasuwa za ni."

Larai ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki. Hajja na tsaye da majanyi a hannu ɗaya, a ɗayan kuma murfin gwangwanin madara da aka naɗe da tsumma. Wannan dabarar tata ce tun da jakunkuna suka yi wuya. Ta ce a garinsu in cibiyar jariri ta turo, kwabo ake ɗorawa a ɗaure tam, da kanta take komawa. Wannan jan naman da ya leƙo a cikin Larai ma ai cibiya ce ta biyu, in ya sha ɗauri zai koma ya haɗe, kowa ya huta da wari.

"Yaya, don Allah ki bar ni yau," in ji Larai a hankali. "Jiya da kika kwance, abin da ya fito har da jini-jini. Likita ya ce kada a tare..."

"Likita yana sallah? Ya san tsarki? Ni abinci nake sayarwa, yarinya. Ranar da mutanen kasuwa suka ji daga gidan da fitsari ke yawo a jaka nake dafowa, ke za ki ciyar da mu? Ɗaga rigar."

Ta ɗaga. Hajja ta kifa murfin a kan ƙofar, ta zagaya majanyin ta ja da ƙarfinta har sai da numfashin Larai ya ɗauke, ta ƙulle a baya inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi.

"In na dawo na tarar kin kwance, ko kin ɗirki ruwa kin jiƙa min gida, kin san sauran. Ƙofa a buɗe take, ki kama hanyar Kanonku. Amma Jannat jinin ƙanina ce, ko taku ɗaya ba za ta bi ki ba."

Wannan maganar ita ce ainihin ɗaurin. Da don kanta ne, da tuni Larai ta fita ko bara ne ta yi a bakin kasuwa. Amma Jannat... yarinyar da ba ta wuce shekara shida ba, mai idanun ubanta, ita kaɗai ta rage mata a duniya. Saboda ita ta yi shiru, saboda ita ta jure ƙishirwa, saboda ita take kwana da zazzaɓi ta tashi ta daka, ta share, ta wanke tukwanen da ba a yarda ta taɓa abin da ke cikinsu ba.

Zazzaɓin kuwa ya mayar da jikinta gida. Ya zo ya kwantar da ita, a sayo mata 'yan ƙwayoyi a tebur ya lafa, kafin ta murmure ya dawo fiye da da. Duk wanda ya leƙo dubiya, Hajja ta tare shi a zaure tana girgiza kai, ta ce ƙazanta ce ke cin yarinyar, ba ta wanka, ba ta kula da kanta, ita dai ta yi iya yinta. Aka ware wa Larai kwanonta da moɗarta. Aka ce sallarta ba ta karɓuwa, don haka aka ɗauke dardumar daga ɗakinta, ta koma yi a kan buhu a ɓoye tana kuka tana roƙon Allah ya karɓa a haka. Daga ƙarshe aka kwashe kayan Jannat aka mayar ɗakin Hajja.

Wata rana da hantsi yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

"Umma, Goggo ta ce in na zauna kusa da ke nima cikina zai huje."

"Ba zai huje ba, uwata. Amma ki bi maganar Goggo, kin ji? Kin ci abinci?"

"Na ci. Umma, me ya sa bakinki ya yi fari?"

Larai ta yi murmushi, leɓen ya tsage, ta sa harshe ta lashe jinin don kada yarinyar ta gani. Sai da Jannat ta tafi ta kifa fuska a kan gwiwa, kuka ya ci ƙarfinta, hawayen ma ba su da yawa don jikin babu ruwa. "Ya Allah, kai ka bar ni da rai ranar nan. Kada ka raba ni da ita ina numfashi..."

Ana cikin haka gari ya rikice. Hukuma ta ba baƙi wa'adi, duk wanda ba shi da katin zama ya bar ƙasar. Motocin jandarma suka cika unguwannin Nombakélé da Awendjé, ana tare taksi ana sauke mutane, 'yan kasuwa na karyar da kaya suna tururuwa tashar jirgin ruwa. Katin Larai ya mutu tun bayan rasuwar Saïdou, ba wanda ya sabunta mata. Hajja ta samu sabon makami: duk ranar da Larai ta ambaci asibiti, sai ta ce bismilla, jandarmomi na bakin ƙofa suna jiran irinta. A tsakiyar wannan tashin hankalin watan azumi ya kama. Larai ta san marar lafiya yana da sauƙi, ta faɗa da ladabi, Hajja ta ce wadda sallarta ba ta hawa, in ta bar azumi kuma me ya rage mata na musulunci? Ɗan ruwan yamman da take samu ya koma kurɓin buɗa-baki, ɗaurin kuma yana nan daga asuba zuwa magariba.

Ba a kai tsakiyar wata ba jikin ya ƙi. Ranar wata Talata Larai ta kasa tashi, tana amai, tana sambatu, tana kiran sunan Saïdou. Hajja ta tsaya a kanta ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Ni kam na gaji. Ba za ki mutu min a gida a ce ni ce ba. Akwai jandarman da ke cin tuwo a rumfata, na yi magana da shi. Yau za su zo su sa ki a jirgi, ki je can danginki su yi jinya."

Larai ta jawo jiki ta kama ƙafarta. "Yaya, ki dubi Allah. Ki ƙara ɗaurin in kina so, ba zan ƙara cewa komai ba. Ki bar ni ko a bayan gida ne, in riƙa jin muryarta..."

Hajja ta fizge ƙafarta, ta ja hannun Jannat ta kai ta makarantar allo, ta wuce kiran mutanenta.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da Aminatou, wata 'yar Ngaoundéré mai sayar da turare da mayafai, mace mai jiki da baki, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ta daɗe tana jin nishi ta katanga, Hajja na ce mata ba komai. Ran nan da ta ji nishin ya sauya, ta shigo ba sallama. Tana ɗaga labule ta ja da baya, sannan ta durƙusa ta taɓa goshin Larai.

"Innalillahi. 'Yar'uwa, wannan ai ba zazzaɓi ba ne, murhu ne. Tashi mu tafi asibiti."

"Ba ni da kati, Yaya Aminatou. Za su kama ni... Jannat..."

"In kin mutu a nan katin me za ki nuna wa Jannat ɗin? Su kama mu tare, in ga wanda zai iya ɗaga ni ya sa a mota."

Ta goya ta kamar jaririya har bakin titi, ta tare taksi. A hanya jandarmomi suka tsayar da su. Ɗaya ya leƙo, Aminatou ta buɗe masa wuta da Faransanci, ta ce gawa yake so ya karɓa ko takarda? Ya dubi fuskar Larai, ya ɗaga hannu suka wuce.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta nemi kwance majanyin ta kasa, sai da ta sa almakashi. Murfin ya faɗo ƙasa ya yi ƙara. Ƙofar da da take ja jawur ta yi baƙi-baƙi ta tsuke, fatar gefenta duk ta zagwanye, abin da ya biyo baya kuma rabinsa mugunya ne. Aka kira tsohon likitan nan da ya yi mata aikin farko. Ya gane ta. Ya ɗauki murfin ya jujjuya shi a hannu, ya sa a aljihun rigarsa. Aka ɗaura mata ƙarin ruwa, aka zura siririn tiyo ta ƙofar don abin da ya taru ya samu hanya, aka yi ta allurai, aka ɗauki hoton ƙodojin.

Da Larai ta dawo hayyacinta, abin da ta fara tambaya Jannat ne. Aminatou ta ce ta ɗauko ta daga makarantar allo, tana gidanta, ta ci ta ƙoshi har ta fasa mata kwalbar turare. Sannan ta gyara zama ta ba ta labarin abin da ya faru a bayansu. Hajja ta zo da jandarman nata, amma ba shi kaɗai ya zo ba, da babbansu da mota guda. Suka tarar ɗaki wayam. Babban ya ce tunda an fito da mota ba za ta koma haka ba, kowa a gidan ya fito da katinsa. Aka kama samari biyu masu haya a ɗakin zaure, bayin Allah masu gyaran takalmi da ba su san hawa ba balle sauka. Aka juyo kan Hajja. Ashe nata katin ma ya daɗe da mutuwa, tuwon da take zuba wa mutumin ta dogara da shi. Ta kira sunansa, ya juya mata ƙeya kamar bai taɓa ganinta ba. Unguwa kaf ta fito ta ga an tura ta mota, kowa kuma ya ji da kunnensa cewa ita ta kirawo su.

Larai ba ta yi farin ciki ba. Samarin nan ta tuna, waɗanda kan ɗebo mata ruwan wanki in sun ga ta kasa, ta juya fuska bango tana hawaye.

Labari ya kai wa Alhaji Aliou a Douala, ya taho a gigice. Likita ya sa aka shigo da shi har bakin gadon, Aminatou na fassara. Ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna musu. Ya ce fitsarin da aka hana fita baya ya riƙa komawa, yana taruwa a ƙoda yana ruɓewa, shi ya sa ciwon yake tafiya yana dawowa, kuma ƙwayoyin duniya ba za su raba ta da shi ba. Ƙodar hagu ta riga ta mutu, ta zama jakar mugunya, dole a cire ta, in ba haka ba za ta kashe ta. Ta dama ta kumbura amma da sauran rai. Za su yanke bakin ƙofar da ya tsuke su sake buɗe sabuwa mai faɗi, su gyara inda hanyar ƙodar ta haɗu da hanjin. In Allah ya sa ta tashi, ƙoda ɗaya ta isa mutum ya rayu.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya ce cikin jin nauyi, "Ki tambaye shi... an ce min rashin tsabta ne ya jawo mata. Haka ne?"

Da Aminatou ta fassara, likitan ya dubi Alhaji ya daɗe. Ya sa hannu a aljihu ya fito da murfin ya ajiye masa a tafin hannu. Ya ce matar da ta wanke jaka ɗaya har roba ta gaji ba ƙazama ba ce. Wannan ne ya ci ƙodar, shi da ƙishirwa. Ya ce ƙullin a baya yake, ba ita ta ɗaura wa kanta ba, yana so ya san wanda ya yi.

Larai ta rufe ido. Aminatou ce ta ce, "Alhaji, in ita ba za ta faɗa ba ni zan faɗa. Ƙanwarka ce. Wai cibiyar jariri take mayarwa. Kullum, har da azumi, da sharaɗin in ta kwance a raba ta da 'yarta."

Alhaji ya dubi murfin, ya dubi ƙasusuwan wuyan Larai, ya zauna a bakin gado. Dattijo mai furfura ya fashe da kuka a gaban mata. "Amanar Saïdou ce na bari a gidana na tafi neman duniya. Larai, ki yafe min. Me zan ce masa ranar da muka haɗu?"

"Ba ka yi min komai ba, Yaya Alhaji," in ji ta da 'yar muryar da ta rage. "In ban tashi ba... kada a ce wa Jannat ƙazanta ce ta kashe uwarta."

Ranar Juma'a liman ya yi maganarta a masallaci, ya ce mai irin larurarta sallarta ingantacciya ce, azumi kuma bai hau kanta ba, wanda ya ce akasin haka ya yi wa addini ƙarya. Jama'a, duk da halin da ake ciki, suka haɗa hannu da Alhaji aka ɗauki nauyin aikin. Aka shiga da ita da safe, ba a fito ba sai bayan azahar, Aminatou na zaune a baranda da carbi. Da likita ya fito ya ce an cire ƙodar hagun, ta daman kuma ta fara aiki, ruwa fari tas yana sauka a sabuwar jaka, sai Aminatou ta zube a wurin ta yi sujada.

Sauƙi ya zo a hankali. Zazzaɓin da ya shekara yana bin ta ya sauka bai dawo ba. Alhaji ya shiga ya fita ya sabunta mata katin zama, likita ma ya tsaya mata. Ya yi ƙoƙarin fito da samarin nan da ƙanwarsa, bai samu ko ɗaya ba. Rumfar Hajja kuwa tuni wata ta gaje ta, a Mont-Bouët ba mai ambaton sunanta sai da tsaki.

Ana gab da sallah Alhaji ya zo dubiya riƙe da hannun Jannat. Yarinyar ta hau gado ta zauna tana wasa da yatsun uwarta. Shi kuwa ya tsaya yana murza hula, ya kasa zama.

"Larai, yau jirginsu Bilkissou zai tashi zuwa Douala. Na je na gan ta. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura, matan da aka tsare su tare ba mai yi mata magana. Ta roƙe ni abu ɗaya, wai a kai mata Jannat ta gan ta ko daga nesa ne." Ya sunkuyar da kai. "Na ce mata ba ni da iko. Yarinya tana da uwa. Sai abin da kika ce."

Larai ta dube shi. Tun rasuwar Saïdou ba wanda ya taɓa tambayarta komai a kan 'yar da ta haifa. Ta ji zafin ɗinkin da ke kwiɓinta, wurin da babu komai yanzu, zuciyarta ta ce ta ƙi. Ta daɗe tana shafa kitson yarinyar, hawaye na bin kuncinta.

"Ka kai ta, Yaya Alhaji. Goggonta ce. Amma ka riƙe hannunta, kada ka saki ko sau ɗaya. Ka dawo min da ita kafin la'asar."

"Wallahi ko za a sare hannun ba zan saki ba."

Suka fita. Larai ta kafa wa ƙofa ido, ta ƙi cin abinci, ta ƙi kwanciya, duk takun da ta ji a baranda sai gabanta ya faɗi. Aminatou ta yi tsiya ta gaji ta ƙyale ta. Rana ta karkata, inuwar taga ta hau bango, ladan bai riga ya kira la'asar ba sai ga ƙaramin gudu ya nufo ɗakin.

"Umma, na ga jirgi ƙato, ya fi masallaci. Goggo tana can sama tana ta kuka tana ɗaga min hannu. Ta ce in zo, Baffa ya ce a'a." Ta cire takalmi ta haye gadon. "Baffa ya ce in an sallame ki a ɗakinki zan riƙa kwana. Da gaske ne?"

"Da gaske ne, uwata," in ji Larai. Ta matsa gefe da ƙyar, ta yi mata wuri.